Maɓoyan Sojan Albaniya: Tarihin Ginin da Tsoro Ya Yi

Mai karatu, a kudu maso gabashin Turai akwai wata 'yar ƙasa da ake kira Albaniya, wadda mutanenta ba su wuce miliyan uku ba. Duk wanda ya ratsa ta zai ga waɗansu gine-ginen kankare masu kama da akushi a kife, a gona, a bakin teku, a kan dutse, kai har a maƙabarta. Maɓoyan soja ne, kuma tarihinsu nake so mu ɗan duba.

Enver Hoxha ya mulki ƙasar daga 1944 har ya mutu a 1985. Mutum ne mai yawan zargi. Ya ɓata da Yugoslabiya a 1948, ya ɓata da Tarayyar Sobiyet a 1961, sannan ya ɓata da Sin a 1978. Da ya ga ba shi da aboki, sai ya ɗauka kowa shirin kawo masa yaƙi yake yi. Saboda haka tun daga wajen 1967 ya sa aka dinga zuba waɗannan maɓoya. Lissafin gwamnati ya nuna an gina 173,371 zuwa 1983, watau kusan shida a kowace murabba'in kilomita. Yawancinsu ƙanana ne, na mutum ɗaya ko biyu, da 'yar taga ta saka bakin bindiga.

Abin takaici, siminti da ƙarfen da aka binne a nan su ne talaka yake nema ya yi ɗaki, alhali ana fama da ƙarancin gidaje. Ko injiniyan da ya tsara ginin, Josif Zagali, bai tsira ba, don a 1974 aka ɗaure shi. Abokan gaban da ake jira kuwa ba su zo ba.

Bayan faɗuwar mulkin kwaminisanci a farkon shekarun 1990, sai aka bar jama'a da kayan da ba su ɗaukuwa. Wasu suka fasa su don sayar da rodin ciki. Wasu suka mayar da su turken dabbobi, ko rumbu, ko shagon shayi. A yaƙin Kosobo na 1999 mutanen bakin iyaka sun fake a cikinsu, ran nan ne suka yi aikin da ya yi kusa da wanda aka gina su dominsa. A Tirana, babban birnin ƙasar, katafaren maɓoyar da aka haƙa wa shugabanni, mai hawa biyar da ɗakuna 106, ta zama gidan tarihi a 2014, ana ce mata Bunk'Art.

Wanda ya fi burge ni shi ne aikin ɗalibai. A 2012 ɗaliban Jami'ar Polis ta Tirana da takwarorinsu na Mainz a Jamus suka ɗauki maɓoya ɗaya a bakin tekun Tale, suka yi aikin mayar da ita masaukin matafiya. Yayyenmu da annobar korona ta 2020 ta zaunar a gida, aka ce su yi koyon aiki ta intanet, su za su fi kowa sanin darajar wannan dama. Waɗancan ɗalibai da hannunsu suka auna bango, suka yanka katako, suka kafa gadon kwana a inda aka tanada don bindiga.