Yadda Aka Raya Fakon Adar

Duk wanda ya bar birnin Tawa ya fuskanci gabas, ya kama hanyar Tamaske da Keita, abin da zai fara cika masa ido shi ne duwatsu: tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai waɗanda marmara ta lulluɓe, sa'an nan a ƙarƙashinsu kwaruruka masu faɗi inda jama'a suka tattara garuruwansu da gonakinsu. Ruwan da Allah yake saukarwa a arewacin Adar ba shi da yawa, galibi tsakanin milimita 300 da 400 a shekara, kuma duka a cikin watanni uku zuwa huɗu. Amma abin da ya fi ƙarancinsa ciwo ga manomi shi ne rashin zamansa. Hadari zai taso da la'asar, ya zubar a sa'a guda abin da zai ishi shuka kwanaki, ruwan ya bugi fako ya kasa shiga, ya gangaro daga kan dutse da ƙarfi, ya tsaga korama, ya kwashi ƙasar noma ya yi gaba da ita, har idan gari ya waye mai gona ya tarar ba ruwan, ba ƙasar.

Adarawa ba su jahilci wannan lamari ba. Tun kafin Agabba ɗan Sarkin Agadas ya ci ƙasar a 1674, Azna mazauna duwatsu suna noma a nan, kuma manoman Adar sun daɗe da sanin jera duwatsu a gona don rage gudun ruwa, da haƙa ƙananan ramuka a wuri mai tauri. Sai dai dabara ce ta mutum ɗaya da iyalinsa, wadda ba ta iya tare ruwan dutse guda. Saboda haka idan shekara ta ƙi, mafita ɗaya ce, wato maza su ɗauki sanda su tafi cin rani, da farko zuwa Sakkwato da Kano, daga baya har Abijan da Kamaru da Libiya. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da ta 1931 duk sun bi ta kan Adar alhali Nasara yana mulki, kuma himmarsa a lokacin ta fi karkata ga haraji da aikin tilas bisa ga binciken abin da ke kashe ƙasa.

Bayan samun 'yancin Nijar a 1960 ne aka fara duban mas'alar da idon awo. A Allokoto, masanan cibiyar binciken dazuzzuka ta Faransa suka keɓe ƙananan filaye a kan gangare, suka sa ma'auni a gindin kowanne, suka shekara shida suna lissafin ruwan da ya gudu da ƙasar da ya ɗauka, wannan fili an jera masa duwatsu, wancan an bar shi yadda yake. Aka buga sakamakon a 1973. Aiki ne mai cin rai wanda ba wanda zai yi shi don neman riba, domin ba a sayar da adadin lakar da ruwa ya kwashe a kasuwa. Baitulmali kaɗai ke iya ɗaukar nauyin irinsa. Amma shi ya tabbatar da hujja ta lissafi cewa jerin dutse, in an bi daidaiton ƙasa wajen shimfiɗa shi, yana rage zaizaya ƙwarai, kuma a kan irin wannan hujja aka gina abin da ya biyo baya.

Sai babban fari na 1973 da 1974 ya zo, ya halaka dabbobi, ya kuma taimaka wajen kifar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilu na 1974. A 1975 gwamnatin Seyni Kountché ta kafa cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, INRAN. A wannan shekara kuma, a kwarin Majiya cikin yankin Buza, ma'aikatan gandun daji tare da ƙungiyar CARE suka fara dasa dogon yaro layi biyu-biyu, tsakanin kowane jeri da na gaba mita 100, domin karya iskar da ke binne shuka da rairayi. Da aka auna, aka ga hatsin da ke bayan itatuwan ya fi na fili da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, jerin kuwa ya ci gaba har ya kai ɗaruruwan kilomita.

Amma shekarar da ta sauya tarihin Adar ita ce 1984, shekarar yunwar da mutane suka laƙaba wa sunan Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi. A watan Mayu aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada, kuma a wannan shekara aka fara aikin Keita, da kuɗin gwamnatin Italiya, da kulawar hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da abincin hukumar abinci ta duniya, PAM, ƙarƙashin jagorancin wani masani Ba'italiye, Renato Carucci. Hotunan da jirgin sama ya ɗauka a 1962 sun nuna gangaren duwatsun Keita cike da itatuwa; a 1984 kuwa sai dutse tsirara. Hikimar da masu aikin suka zo da ita ita ce kada a yi maganin gona ɗaya a bar ta sama da ita, a ɗauki kwari gaba ɗaya tun daga kan tudu har cikin fadama, tunda ruwan da ke cinye gonar kwari daga bisa ya samo ƙarfinsa. A kan tudu, tarakta ta tsaga fako, aka ɗaga ganuwar ƙasa aka lulluɓe ta da duwatsu, domin ruwan da ya sauka ya tsaya a bayanta. A kan gangare, inda mota ba ta hawa, aka haƙa ramuka da diga, kowane rami aka dasa itace a cikinsa, bagaruwa ko daƙwara ko farar ƙaya. A cikin koramu aka gina shingayen duwatsu da aka ɗaure cikin ragar waya, da madatsai masu baza ambaliya a kan fadama maimakon ta tsaga ta. Kafin 2003 an raya fili fiye da hekta 34,000, an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, aikin kuma ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Ruwan da aka tsare a bisa ya nitse, rijiyoyin kwari suka samu, noman rani na albasa da tumatir ya kankama a wuraren da da ba a san shi ba.

Wajibi ne a faɗi wanda ya ɗauki duwatsun nan. Mata ne. Maza sun tafi bida, aka bar mata da yara da tsofaffi, kuma su ne suka hau duwatsu da diga da kwando, ana biyansu da hatsi da mai da abincin gwangwani bisa kowace rana ta aiki. Masu rubuta rahoto sun so su kira wannan sa kai, alhali wadda rumbunta ba kome ba a ce ta zaɓa ba. Malamar tarihi Benedetta Rossi, wadda ta rubuta tarihin aiki da ƙaura a Adar tun daga 1800 zuwa 2000, ta yi dogon bahasi a kan haka, ta nuna cewa aikin bai hana maza tafiya ba, domin ladan yini a kan dutse bai kai abin da ake samu a Abijan ba. Wannan gaskiya ce, kuma ba ta rage darajar itatuwan da suka tsaya ba; tana dai tunatar da mu cewa a lissafin kuɗin aikin akwai kaso mai yawa da aka biya da gumin matan Keita.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, duk da haka, a kudu da Tawa ya faru, a yankin Illela da Badagishiri, kuma bai ci ushirin abin da Keita ta ci ba. A 1989 wani shiri na gwamnatin Nijar da asusun raya aikin gona na duniya, FIDA, ya ɗauki wasu manoma ya kai su Yatenga a Burkina Faso, ƙasar shahararren manomi Yacouba Sawadogo, suka ga yadda manoman can suka inganta tsohon ramin shuka: a haƙa shi tun da rani, a faɗaɗa shi ya kai taƙi guda, a zurfafa, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare don ta tare ruwa, sa'an nan a zuba masa dintsin taki. Gara takan zo neman takin, ta huda ƙasa ta yi hanyoyi, ruwan farko ya sami inda zai shiga ya zauna a gindin shuka. Manoman suka komo suka gwada a kan fako, suka kira shi tassa, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya ba tare da an ba su ko tiya guda ba. Aikin masana a nan shi ne awo da gyara: suka koya wa mutane gane daidaiton ƙasa da tiyon roba mai ruwa a ciki, suka ƙara da ramin rabin wata mai buɗe baki ga inda ruwa ke gangarowa, suka kuma auna amfanin gona shekara bayan shekara daga 1991 zuwa 1996, aka ga filin da aka bari yana ba da kimanin kilo 125 na hatsi a hekta, wanda aka yi wa tassa da taki kuwa sama da kilo 500. Kafin 1998 an raya kusan hekta 9,000 a Illela ta wannan hanya. A ƙauyen Batodi, ruwan rijiyoyi ya hau da kimanin mita 14 tsakanin 1994 da 2004, matan da da suke yini a neman ruwa suka buɗe garake.

Bambancin nan yana da ma'ana. Ganuwar da tarakta ta ɗaga, in ta karye, sai a jira tarakta. Madatsar da laka ta cike, sai a jira gwamnati, kuma da yawa daga cikin manyan gine-ginen Keita sun sha wahalar rashin gyara bayan masu kuɗi sun janye. Tassa kuwa mai gona da kansa yake sabunta ta da fartanyarsa, har ta zama sana'a, samari suna haƙa wa masu hali a biya su.

Daga nan wata mas'ala ta taso wadda masu awo ba su sa a lissafi ba. Fakon da da ba wanda yake kallonsa ya yi kuɗi, aka fara saye da sayar da shi, farashinsa yana hawa, masu hannu da shuni suna sayen matacciyar ƙasa don sun san za ta tashi. Malaman Malikiyya tun da daɗewa sun yi babi a kan raya mawati, suka ƙidaya fasa dutse da daidaita ƙasa da dasa itace da fitar da ruwa cikin abubuwan da ke ba mutum haƙƙi a kan filin da ba shi da mai shi. Amma a Adar, da ƙasa ta tashi sai ga magada sun bayyana, kowa yana cewa kakansa ne ya fara sare wurin, matan da suka haƙa ramukan kuwa sau da yawa ba su fita da fili ba. Makiyaya, Fulani da Buzaye, su ma suka ga tuddan da suke bi da dabbobi sun zama gonaki da dashe mai gadi. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye domin rubuta mallaka da shata burtali, kuma yanzu kafin a buɗe sabon aikin raya ƙasa a jihar Tawa akan nemi a fara zama da hakimi da masu gari da makiyaya, a rubuta ko filin na wane ne da wanda zai ci amfaninsa, kafin a raba diga.