Yadda masu kallo ke sanya wa finafinai alama domin sauƙaƙa bincike

Sanya alama shi ne rubuta kalmomin da ke bayyana abin da ke cikin kowace fitowa ta fim, kamar sunan mutum, ko gari, ko waƙa, tare da daidai mintin da abin ya bayyana.

Idan aka adana kalmomin a kwamfuta, mai bincike kan rubuta kalma guda ya isa inda yake nema, ba sai ya kalli fim ɗin baki ɗaya ba.

Asalin tsarin

Aikin ya fi ƙarfin ma'aikatan gidajen adana tarihi, shi ya sa ake neman taimakon jama'a.

A shekarar 2009, cibiyar adana sauti da hotuna ta ƙasar Holland ta ɓullo da wani wasa a intanet mai suna Waisda. Masu wasan kan kalli hoton bidiyo su rubuta abin da suka gani, kuma su sami maki idan kalmarsu ta zo ɗaya da ta wani. Wannan dacewa ita ce shaidar ingancin kalmar.

Cikin watanni shida aka tara alamomi fiye da dubu 340.

Finafinan Hausa

Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976, ya daɗe da ɓata kafin a gano shi a 2016, a gyara, a nuna shi a Berlin a 2018.

Ɗimbin finafinan da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990 kuwa a kaset suka fito, kuma kaset lalacewa yake yi. Ko an kwafe su, in babu bayani, nemo abin da ke ciki sai an sha wuya.

A nan ne sanin 'yan gari ke da amfani. Dattijon Achida zai shaida hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ke Wurno, ko madatsar ruwa ta Goronyo, ya kuma fahimci Sakkwatancin da kan shige wa baƙo duhu.

Matsaloli

Babbar matsala ita ce bambancin rubutu. Wani zai rubuta Sakkwato, wani Sokoto, alhali wuri ɗaya ake nufi. Don haka sai ƙwararru sun tace kalmomin, kuma sai an hanzarta tun dattawan da suka shaida fuskokin na raye.