Yadda Gwajin Tarin Fuka Ya Shiga Sharuɗɗan Aikin Asibiti

A asibitoci da dama na duniya, sabon ma'aikaci ba ya fara aiki sai an yi masa gwajin tarin fuka. Tushen wannan al'ada yana da alaƙa da asibitin Ullevål da ke Oslo, babban birnin Norwe.

A 1924 likita Johannes Heimbeck ya soma gwada 'yan matan da ke shigowa koyon aikin jinya da ruwan tubakulin, wanda Robert Koch ya fito da shi a 1890 a matsayin magani amma bai warkar da kowa ba. A lokacin ana ganin kusan duk wanda ya girma ya riga ya haɗu da ƙwayar cutar. Ashe ba haka ba ne. Kusan rabin ɗaliban sun zo ba tare da ita ba, kuma su ne suka fi kwanciya ciwo bayan sun shiga ɗakunan majinyata. Daga 1927 Heimbeck ya fara yi wa masu so allurar rigakafin tarin fuka ta BCG.

Amurka ba ta rungumi BCG ba, gwajin shekara-shekara ga ma'aikatan asibiti ta kama. A 2019 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta sassauta: a gwada lokacin ɗaukar aiki, sannan a sake idan ma'aikaci ya cuɗanya da mai cutar.