Daga Samaru zuwa Lafiya: Tarihin Akushin Ɗalibi

A da, ɗan Arikya mai neman digiri yakan niƙi gari har Zariya, inda aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Akwai nisa, amma akwai makwanci da abinci mai rahusa. Da gwamnatin Obasanjo ta ƙara kuɗinsu a 1978, sai ɗalibai suka yi bore, har jini ya zuba a Samaru. Cikin shekarun 1980 aka janye tallafin ciyarwa.

A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Lafiya. Ilimi ya matso ƙofar gida, amma ɗalibanmu da dama haya suke kamawa, su girka da kansu. Mu malamai kada mu manta, da ruwan ciki ake jan na rijiya.