Litiyam a Tsoffin Taurari da Rawar da Baƙon Abu Ke Takawa

A 1982 François Spite da Monique Spite, masana taurari a Faransa, suka lura cewa tsoffin taurari masu ƙarancin ƙarfe suna da litiyam kusan daidai wa daida, wajen 2.2 a ma'aunin masana, matakin da ake kira layin Spite. Lissafin Babbar Fashewa kuwa yana ba da wajen 2.7. Ma'aunin na ninki ne, don haka giɓin ya kai ninki uku zuwa huɗu. Wasu na ɗora alhakin wannan giɓi a kan abin da tauraro ke zuƙowa daga waje. A ganina bayanin ya kama wani ɓangare, bai kama duka ba.

Litiyam ba ya jure zafi: da ya kai digiri miliyan 2.5 sai ya ƙone. A saman tauraro kaɗai yake tsira, kuma wannan ɓawon sama siriri ne a irin waɗannan taurari. Idan tauraro yana da abokin zagaye da ya tsufa yana feso iska mai kabon da hiliyam, abin da ya zubo ya fi na ƙarƙashinsa nauyi. Sai ya riƙa nutsewa zara-zara kamar ruwan gishiri da aka tsiyaya a kan ruwan daɗi, yana janye litiyam zuwa inda wuta za ta cinye shi. Masana taurari Deal da Richard da Vauclair sun bi wannan hanya a 2021 don bayyana taurarin da suka faɗo ƙasa da layin Spite, waɗanda ke yawaita idan ƙarfe ya gaza kashi ɗaya cikin dubu na ranarmu. Nan hujjar ta zauna, domin abokan zagaye sun bambanta a girma da nisa, ɓarnar ma dole ta bambanta.

Masaniyar taurari Fu da abokan aikinta sun yi wani hasashe a 2015: tauraro ya ƙone litiyam ɗinsa tun yana jariri, ragowar iskar da ke kewaye da shi ta mayar masa da wani abu, har haskensa ya kore ta. Dabara ce mai kyau, amma tana bukatar taurari barkatai, da aka haifa a wurare dabam-dabam, su daina zuƙa a kusan mataki guda. Zuƙowa kuwa sa'a ce, ba ta saba haifar da daidaito ba.

Giɓin bai-ɗaya ya fi kama da aikin cikin tauraro. Masanin taurari Korn da abokansa sun auna taurarin tarin NGC 6397 a 2006, suka ga alamar sinadarai masu nauyi suna kwantawa ƙasa sannu a hankali, litiyam ma yana bin su, a taurarin da suka fito daga gajimare ɗaya.