Jirgin Cikin Akwati: Daga Takoradi Zuwa Kano

Masu tara kwaikwayon jiragen yaƙi na da sukan sayi jirgin ne guntu-guntu a cikin kwali, su harhaɗa shi da gam, su shafa masa fenti, sannan su zaunar da ɗan mutum-mutumin matuƙi a kujerarsa. Ma'aunin da ya fi shahara shi ne 1:72, wato kowane santimita 72 na jirgin gaske ya koma santimita 1. Da wannan lissafi, Hurricane, jirgin yaƙin Ingila mai tsawon kusan mita 10, bai wuce santimita 14 ba.

Shi ma jirgin gasken a cikin akwati ya iso ƙasar da ake kira Ghana a yau. A 1940, da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, hanyar Bahar Rum ta zama mai hatsari. Sai Ingila ta koma sauke jiragenta a tashar ruwa ta Takoradi, a harhaɗa su a can, sannan a tuƙa su zuwa Masar. Ayari na farko ya tashi a watan Satumba na 1940. Jirgin Blenheim ne madugu, Hurricane na biye da shi, suna yada zango a Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (Njamena ta yau), El Fasher da Hartum. Zuwa 1943, jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya.

Ba su ne suka share ta ba. Tun 1 ga Nuwamba 1925 Arthur Coningham, matuƙin jirgin yaƙi a Yaƙin Duniya na Farko, ya sauka Kano da jirage uku daga Masar. Kafin shi kuma, alhazan ƙasar Hausa sun daɗe suna ratsa Cadi da Sudan a ƙasa.

A Accra, filin jirgin sama ya bunƙasa da zuwan Amurkawa a 1941. Aikin da ya samu a sansanonin soja ya jawo baƙi daga arewa, unguwar Nima da ke kusa ta cika ta batse.

Kwalin kwaikwayo matuƙi kaɗai yake ɗauke da shi. Leburorin da suka sauke akwatuna, suka share filaye, suka gangara da gangunan mai, babu wanda ya sassaƙa su. Ɗalibin tarihi shi zai nemo labarinsu a bakin tsofaffin zango tun suna raye.