Daga Aikin Yini Zuwa Jinga: Nazari Kan Gasa a Kasuwar Hidimomin Fasahar Kwamfuta

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda gasa ke sauya salo tsakanin kamfanonin da ke yi wa bankuna da masana'antu hidimar kwamfuta. An dogara da sanarwar kamfanonin da rahotanninsu na shekara. Nazarin ya gano cewa arhar ma'aikata ta daina zama babban makami, ƙarfi ya koma hannun masu dandali da manhaja.

Gabatarwa

Banki bai cika gina manhajarsa da kansa ba. Kwangila yake bayarwa, wani kamfanin ya girka masa tsarin, ya riƙa lura da shi dare da rana. A wannan kasuwa Accenture da IBM da Capgemini suka daɗe suna cin karensu ba babbaka, kafin kamfanonin Indiya su shigo. Daga cikin na Indiyan, an kafa TCS a 1968, Infosys a 1981. Wipro kuwa da man girki ya fara a 1945.

Zamanin aikin yini

Matsalar kwanan wata ta shekarar 2000 ce ta buɗe wa Indiyawa ƙofa. Tsofaffin manhajoji da lamba biyu suke rubuta shekara, aka ji tsoron za su rikice idan 99 ta koma 00. Sai an bi su layi-layi an gyara, aiki mai cin hannu da yawa, Bangalore kuma tana da injiniyoyi masu sauƙin albashi. Lissafin tamkar na ɗan ƙwadago ne a gona: mutum nawa, awa nawa, kuɗi kaza. Ribar tana cikin ratar da ke tsakanin abin da ake karɓa a Amurka da albashin da ake biya a Indiya. Da haka ma'aikatan TCS suka haura 600,000.

Abin da ya sauya

Amazon ya fara bayar da hayar rumbunan kwamfuta ta intanet a 2006, Microsoft ya biyo baya da Azure a 2010. Kamfanin da a da yake ajiye injuna a ɗaki mai sanyi, yana biyan masu kula da su, yanzu haya yake yi. Masu sana'ar kula da injuna suka ji jiki. A 2017 kamfanin CSC ya haɗe da sashen hidima na kamfanin HPE aka samu DXC, a 2021 IBM ya ware ɓangarensa na kula da injuna ya zama Kyndryl, Atos na Faransa kuma sai da aka sake tsara bashinsa a 2024.

Sannan ƙirƙirarriyar basira ta zo. Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 na'ura ke taya rubuta manhaja da gwada ta. A ganin mai wannan nazari, nan ne gizo ke saƙar. Wanda ake biya da awa, duk saurin da ya ƙara, kuɗinsa ne ke raguwa. Mai ba da aiki ya fara neman jinga: a yi ciniki kan sakamako, ko da mutum goma aka yi ko da ɗari. A Yulin 2025 TCS ya sanar da rage kusan kashi 2 cikin ɗari na ma'aikatansa, wato wajen mutum 12,000. Ga kuma manyan kamfanonin Yamma na buɗe cibiyoyin fasaha nasu a Indiya, suna ɗaukar injiniyoyin kai tsaye ba tare da dillali ba.

Inda abin ya shafe mu

Bankunan Nijeriya da dama a kan manhajar Finacle ta Infosys ko Flexcube ta Oracle suke tafiya. A 2024 GTBank ya koma Finacle, bankin Sterling kuma ya koma SeaBaaS, manhajar da aka gina a cikin gida. Duk wanda ya tsaya gaban mai POS a irin wannan lokaci ya san me sauyin ke nufi: kati ya ƙi, an cire kuɗi bai isa ba, mai shago ya riƙe kaya yana jiran alat. Wahalar ƙaura ita ce ke ɗaure banki ga mai manhajarsa shekara da shekaru, kuma yawanci da dala ake biyan lasisi, naira kuwa ta faɗi ƙwarai tun daga Yunin 2023. Kayan aro ba ya rufe katara.

Wannan ɗaurin ne ya kamata masu nazarin kasuwar su riƙa aunawa, fiye da farashin awa. Muna kira ga hukumar NITDA da Babban Bankin Nijeriya su tabbatar kowace kwangilar manhajar banki ta fayyace yadda za a kwashe bayanai a koma wani wuri, da wanda zai ɗauki nauyin hakan, tun kafin a sa hannu.